Shekarar da Tungarmu Ta Zama Tsibiri

Ku da kuka tashi kuka tarar da ni da furfura da sanda, kuna tsammanin tun asali ni mai ba da shawara ne. Ku tambayi tsofaffin Filinge, in akwai sauran wanda ƙasa ba ta rufe ba. Arzika ɗan Inna ungozoma ba a san shi da komai ba sai jifa da surutu. Lakwal, makarantar boko, ta ƙofa aka shigar da ni, ta taga na fita, rubutun nan kuwa da kuke gani kamar kaza ta taka toka, a ajin yaƙi da jahilci na tsince shi, gemu ya riga ya fito. Wanda ya ga karkatacce ya miƙe shi a ransa. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan babi shi ne yayana Tahiru ya rasu a ranin da ya wuce, rantsuwar da na yi masa kuma ta bi shi kabari. Kun san sunan da ake kiransa da shi a bayan ido, Mai-yanke-goyo, mutumin da ya yanke uwarsa daga bayansa ya bar wa ruwa don ya tsira. Ku ƴaƴana kun gaishe shi daga nesa duk rayuwarku. Kai kuma Illa, ɗansa na fari, da na kira ka a salula can bakin teku inda kake na ce maka ubanka ya cika, cewa ka yi, "Allah ya jiƙan musulmi," ka kashe. Kai nake so ka fara karantawa.

A lokacin, da damina ta faɗi mukan bar gari mu koma tungarmu ta noma, wani tudun rairayi a tsakiyar dallol, babban kwarin nan, tsakanin Filinge da Bonkuku a ƙasarmu ta Kurfai. Babanmu ya riga ya rasu, Tahiru ne maigida. Akwai matarsa Hajo, da tawa Kulu da yaranmu ƙanana, sai Inna. Ɗakin laka ɗaya ne, sauran duk bukkokin kara. A gefen tudun, wajen da ke fuskantar kwari, muna da rijiyar garka, wato lambu, da ake ja da sa, yadda babanmu ya koya wurin Buzayen Imanan. Igiyar guga takan bi ta kan gungumen da aka gitta a bakin rijiya, a ɗaura ta ga sa, sa ya yi gaba, guga ya fito ya zube a kwalbati, sa ya juyo da kansa, guga ya koma. San namu ni na sa masa suna Kumandan, don ba ya aikin komai sai kaiwa da komowa, kuma shi ake fara ba abinci. Ya yi shekaru a kan hanyar nan har ƙafafunsa suka haƙe ta, ko an rufe masa ido ya san inda zai tsaya ya juyo.

Inna kuwa, rabin mutanen ƙauyukan nan ita ta yanke musu cibiya. Tana da ƴar wuƙa cikin kube rataye a wuya, ko wanka ba ta cire ta. Tana azumi tana salla, kuma tana da mutanen ɓoye da ta gada wurin uwarta, takan zuba musu nono a gindin wata tsohuwar tsamiya da ke cikin kwari, ƙasa da rijiyarmu. Ita ba ta ga abin da ya hana a yi duka biyun ba, limamai kuwa sun gani. A shekarun nan ƙafafunta sun mutu, da gindi take ja, amma bakin yana nan da ƙarfinsa. Abu ɗaya ne bakin nan bai taɓa furtawa ba: sunan Tahiru. Ɗan fari ne, kunyarsa take ji irin ta mutanen da. Ba ta dubansa ido da ido, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu, ko yana zaune a gabanta ni take aike.

"Kai Arzika, hwaɗa ma yayanka tuwo na hucewa."

"Wane yayan nawa, Inna?"

"Wanda ya hi ka hankali."

"To ai duk Kurhwai ke nan. Tuwon ba shi isa."

Sai ta jefe ni da abin da ke kusa. Tahiru yana ji, ya sunkuyar da kai yana murmushi. Shi ba mai magana ba ne. Allah ya tara maganar gidanmu ya juye min ni kaɗai.

A tsakiyar daminar nan, gero ya yi ciki, aka haife ka, Illa. Inna ta ja gindi ta shiga ɗakin laka, da wuƙar nan ta yanke maka cibiya. Ba a kai ga suna ba abin ya zo. Ranar tun da safe aka tashi da wani zafi mai danne ƙirji, tsuntsu bai yi kuka ba, awaki suka ƙi kiwo suna ta jan turke. Da hantsi gabas ta yi ja, jan ya koma baƙi, baƙin ya taso daga ƙasa har sama kamar ana gina katanga. Mun saba ganin hadari, amma wannan ko Inna da ta leƙa sai ta yi shiru, kuma shirun Inna ya fi ba ni tsoro bisa ga hadarin. A nan nake so ku gane wani abu, ku ƴan zamani da kuke ganin ambaliya a salula kowace damina. Mu mutanen Kurfai iska muka sani. Ruwa roƙonsa muke, a masallaci da gindin itace, ba mu taɓa jin wanda ya guje masa ba. Ƙa'idar babanmu da kakanmu ita ce, in babbar iska ta taso a bar tudu a gangara kwari, a fake gindin tsamiya inda gaɓa ke tare ta. Kwarin nan tun da aka haife ni ruwansa bai taɓa wuce idon sawu ba. Duk mai hankali a ƙasarmu ranar nan gangarawa zai yi.

Tahiru ya ce zai fara kai Inna, ya dawo mu kwashi mai jego da yara. Ya ɗauko baƙin zanenta na saƙi ya durƙusa a gabanta ya ba ta baya. Inna ta kawar da kai.

"Arzika shi ɗauke ni."

"Inna, Arzika ko tulu ya ɗauka sai ya hwashe," in ji Tahiru, yana kallon ƙasa.

Ni na ɗaga ta na aza masa. Ya goya ta kamar jinjira, ya ƙulle zanen a ƙirjinsa, ƙulli bisa ƙulli. Ina jin tun da ta yaye shi jikinsu bai sake haɗuwa ba sai ranar. Ta ɓoye fuska a bayansa don kunya, suka gangara.

Bai samu dawowa ba. Iskar ta iso kafin ya kai ga juyowa, kuma irin isowar da ba a tsayawa da ƙafa. Na tura Kulu da yara ɗakin Hajo, na rufe ƙyauren kwano na tokare shi da bayana. Ta tsagar ƙyaure na ga bukkata ta tashi ɗungurungum, na ga rumbu yana birgima kamar faifai, na ga akuya ta wuce a sama da turkenta. Ruwan ba daga sama yake zuwa ba, daga gefe yake, yana dukan bango kamar ana watsa tsakuwa. Rana tsaka ce amma ba ka ganin tafin hannunka. Rufin ya fara zuba, laka tana faɗo mana a ka, kusurwa ɗaya ta bangon ta zauna. Hajo ta kifa a kanka, Illa, ta yi maka rumfa da jikinta, yarana kuwa sun yi kuka har murya ta ƙare suna buɗe baki kawai. Na karanta duk surorin da na sani, ba su jima ba suka ƙare, na sake su, daga baya na haɗa da mutanen Inna ko da wani a cikinsu yana kusa. Ban san iyakar zaman da muka yi ba. Na dai san bayana ya mutu a jikin kwanon nan.

Sai ta ɗauke gaba ɗaya, kamar an toshe bakin tulu. Muka fito. Babu bukka ko ɗaya, geron da muka sha wahalarsa ya kwanta cikin laka, ba abin da ke tsaye a tudun sai rabin ɗakin, da gungumen rijiya, da Kumandan da ya juya wa iska baya yana tuƙa abinsa. Har na fara cewa Alhamdu lillahi. A cikin shirun nan na ji wata ƙara daga arewa, kamar kamyo, manyan motocin kaya, da yawa sun jero. Ruwan da ya zuba a kan duwatsu ne duk ƙoramu suka kwaso suka juye a dallol. Ja ne, yana tafe da itatuwa da jinkaye da shanu ƙafafu a sama. Kafin in kai bakin rijiya ya raba biyu ya zagaye tudunmu. Na sha jin ƴan ci-rani suna labarin tsibiri, ƙasa ƴar mitsitsiya a tsakiyar ruwa, ina ce musu maƙaryata. Ga shi an kawo min har gida.

Tahiru ya riga ya hau tsamiya da Inna a bayansa, ban san yadda ya yi ba. Suna kan reshe, ruwa yana lasar ƙafarsa. Tsamiyar tana karkata, don rairayin gindinta ruwa yana cinye shi, gabas kuma ta sake haɗa baƙi. A cikinmu ba wanda ya iya iyo, a ina za mu koya, a cikin guga? Abu ɗaya na iya a duniya. Goribar mutane da kanyarsu da na sha kaɗowa da jifa tun ina yaro, har Inna ta gaji da ba da haƙuri, ranar ta yi amfani. Na haɗa igiyoyin turke, na ɗaura a ƙotar gatari, na yi ta wurgawa ruwa yana dawo min da ita, har Allah ya sa ta sarƙe a reshen da ke kansa. Ya jawo, muka bi ta da igiyar guga wadda na ƙara wa tsawo da duk abin da na samu. Ya ɗaura a ƙugu, ya kama ta da hannu biyu. Na dubi ƙarfin ruwan, na dubi kaina da mata biyu, ɗaya ɗanyar jego. Ba mu iya jan mutum biyu a cikin wannan. Kulu ce ta ce, "Ga Kumandan." Na ji kamar an ba ni sarauta. Na bi da igiyar ta kan gungumen rijiya, na ɗaura masa yadda muke yi kullum, na tsayar da shi a kan hanyarsa, ni kuma na tsaya bakin rijiya inda mai guga ke tsayawa. Na ɗaga wa Tahiru hannu, ya saki reshe, na daka wa sa tsawar da ya sani.

Ya ja, kuma ja mai kyau. Igiya ta miƙe tana kuka a kan gungume, ina ganin kai biyu suna keto ruwa suna matsowa, na Inna bisa na Tahiru. Sun ci rabin tafiya, har ina ganin farin idonsa. Sai igiya ta yi laushi a hannuna. Na waiga. Kumandan ya kai ƙarshen hanyarsa, ya tsaya, ya juyo, yana dawowa a hankali yadda ya yi safe da yamma duk rayuwarsa. A wurinsa guga ya riga ya fito. Zurfin rijiya ya sani, tsakaninmu da tsamiya kuwa ya fi zurfin rijiya. Sabo turken wawa, kuma ranar da ni da sa turke ɗaya ya riƙe mu. Da na sake duban ruwa, ba kai ko ɗaya.

Na ruga na kama igiyar hancin Kumandan na murɗa shi. Ya kai wurin nan da ya saba ya kafe, bai taɓa taka bayansa ba. Kulu ta kawo taɓarya tana dukansa, Hajo ta ajiye ka a ƙasa ta zo tana turawa, jini yana bin ƙafarta. Ya durƙusa, ya tashi, iska ta dawo mana ta wani gefen, da ƙyar ya tsallake ya ci gaba. Na bar su da shi na koma bakin ruwa. Abin da igiya ta kawo mutum ɗaya ne.

Na jawo shi kan rairayi na danna cikinsa ya amayar da jan ruwa. Hannuwansa biyu suna damƙe da igiya, sai da na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, fatar tafin ta biyo igiyar. Zanen yana jikinsa. Ƙullin ƙirji yana nan yadda ya ƙulle shi, ruwa ma ya ƙara tsuke shi. Amma ta baya, can bayan kafaɗa, zanen a yanke yake, yanka mai kyau daga sama har ƙasa, irin na hannun da ya saba. Matan suna can sama wurin sa, ni kaɗai na gani. Tahiru ya buɗe ido, ya kai gwiwar hannu ya taɓa bayansa, ya ji wayam. Ya dubi ruwan.

"Kwance min," ya ce. "Ka ɓoye shi."

Kwanakin da muka yi a tsibirin nan ba na son tuna su. Ba mu kaɗai muka fake ba, macizai da kunamu da ɓeraye duk sun hauro, muna kwana zaune da sanda a hannu. Geron da muka tono daga fasasshen rumbu ya jiƙe ya fara tsami, shi muke tauna ɗanye kafin mu samu wuta ta kama. Ruwan sha shi ne jan nan da mushe ke yawo a ciki, ƙaramar ɗiyata ta kama zawo har idanunta suka faɗa. Duk abin da ruwa ya kawo ya jingine a gaɓa, Tahiru sai ya je ya juya shi da ƙafa ya duba. Ba ya ci, ba ya magana, hannuwan sun kumbura suna wari, Kulu tana wanke masa da ruwan gishiri. Matan suka tambaye ni yadda aka yi, na ce ruwa ya fi ƙarfinsa, ban ƙara ba. Da ranar suna ta zagayo muna nan a tsare, ba liman, ba rago, ba wanzami. Na ce a bari sai ruwa ya janye a yi abu cikin mutane. Tahiru, wanda bai taɓa ɗaga min murya ba, ya ce:

"Yau za a yi. Ko awa ɗaya ba a ƙarawa. Kawo san."

Ni na riƙe wuƙa don shi ba ya iya riƙewa. Ya sunkuya ya raɗa maka suna a kunne, ya tashi ya koma bakin ruwa. Na so in ce muku ban ci naman Kumandan ba, amma yunwa ba ta san fushi ba. Na ci, kuma naman nan shi ya tsayar da nonon uwarka da ran ɗiyata.

Da ruwa ya sauka zuwa ƙugu, mutanen wani ƙauye da ke kudu da mu suka keto suka zo. Sun tsinci Inna a sarƙe cikin kaba. Muka bi su. Tun kafin mu isa na ga yadda mata ke kallonmu suna rufe baki. An shimfiɗe ta a wata rumfa, ba a yi mata wanka ba. Limamin ƙauyen, wanda shi ma ita ta yanke wa ƴaƴansa cibiya, ya kira mu gaban jama'a.

"Ku zamna. Da wuƙa a hannunta anka ishe ta, an kasa ɓamɓare ta. Kowa ya san uwarku da abin da take ma hidima gindin tsamiya. Ana hwaɗin ita ta yanke kanta daga goyo ta ba na-ruwa, aljanin kwari. In haka ne, ni ba ni tsayawa kanta, kuma ba ta kwanciya cikin musulmi. Ku kai ta daji ku yi irin naku."

Na buɗe baki, kun san ni. Tahiru ya taka min ƙafa har na ji ƙashi.

"Malam, ba ita ta yanke ba. Ni ne."

"Kai?"

"Nauyi ya yi min yawa, na ga mutuwa. Na zare wuƙar daga wuyanta na yanke zanen. Ta kama hannuna tana roƙona, wuƙar ta tahi da ita. Ruwa ya ci ta, ba ta ba shi kanta ba."

Wata tsohuwa ta tofar da yawu. Wanda ke zaune kusa da Tahiru ya janye tabarmarsa. Liman ya ce a ɗebo ruwan wanka. Aka yi wa Inna sutura, sahu ya cika har bayan rumfa, don wanda ruwa ya ci mutuwar shahada ya yi. Tana nan kwance a tsakiyar maƙabartarsu. Ba wanda ya dubi hannuwan Tahiru, a naɗe suke da tsumma a gaban kowa. Mutumin da igiya ta cinye wa tafi biyu, da wane hannu ya zare wuƙa? Ba wanda ya tambaya. Labarin ya fi daɗi a yadda ya ba da shi.

A hanyar komawa, muna cikin laka har gwiwa, na tare shi.

"Yaya, mi ka yi haka? Zanen na nan. In kawo shi kowa shi gani."

"Su ga mi? Su ga ita ta yanke? Su tone ta ke nan."

"To kai hwa? Ka san abin da za a kira ka?"

"Ni ina da rai, ina iya ɗauka. Ita ba ta da bakin da za ta kare kanta. Rantse min, Arzika. Muddin ina numfashi."

Na rantse. Allah ya tara wa mutum surutun gari guda, sannan ya ba shi magana ɗaya tak da ta cancanci faɗa, ya ce ya haɗiye. In akwai abin da na biya a wannan sha'ani shi ne wannan, kuma bai kai ƙwayar gero ba a kan abin da Tahiru ya biya. Hajo ta yi haƙuri har ta yaye ka, sannan ta ce ba ta iya kwana ɗaki ɗaya da shi, ta koma gidansu a Filinge da kai. Ban ga laifinta ba, abin da ta ji da kunnenta ta bi. Ba wanda ya sake ba shi mata. Ba a miƙa masa jinjiri ranar suna, ba a kiransa sasanci, in ya shiga sahu na kusa da shi yakan matsa. Hannuwan suka warke a ƙanƙance, hauya sai ya ɗaura ta da tsumma. Kai kuma yara suka sa ka gaba da waƙa a hanyar lakwal, na sani, don haƙorin nan nawa na gaba a kan haka uban wani yaro ya cire min shi ranar kasuwa. Ubanka yakan zo gari ya tsaya nesa da ƙofar gidan kakanninka, ya ga fitarka, ya juya. Ka ɗauka rashin kula ne. Kai ɗan fari ne, ɗan Inna kuma ba ya iya tare ɗan farinsa a hanya ya ce zo in gaya maka. Da ka yi ƙarfi ka hau mota ka tafi, ba ka yi masa sallama ba.

Na taɓa zuwa wurin wani babban malami a gari, na ce wata mata ce a wata ƙasa ta yi kaza da kaza. Ya ce wannan ba kisan kai ba ne, rai ta ceta, Allah ya ba mu irin ƙarshenta. Na rugo da murna na gaya wa Tahiru. Muna zaune a garka da rana, yana ɓarar gyaɗa da gefen hannu. Ya ce malamin gari daban, bakin ƙauye daban, in aka buɗe maganar sai a koma ana cewa ƴar bori ta ba da kanta, shi kuwa ya riga ya saba da nasa sunan. Na ce wallahi taurin kansa ya fi na Kumandan. Ya yi dariya, abin da ya daɗe bai yi ba. Sannan, ban tambaye shi ba, ya gaya min abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Ya ce da igiya ta saki suka nutse, suka taso, suka sake nutsewa, ya san su biyu ba su fita. Da suka taso na ƙarshe sai ya ji bakinta a kunnensa.

"Ta ce min, 'Tahiru.' Arzika, ban taɓa sanin yadda sunana yake a bakinta ba. Ta ce, 'Tahiru, ɗanka ba shi da suna tukuna.' Sai na ji bayana ya yi sauƙi."

Ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa. Ni ne na tashi na shiga bayan rijiya.

Yanzu liman ya mutu, matan da suka rufe baki sun mutu, ba mai tone Inna. Tahiru ya cika a ɗakina da hantsi, Kulu tana riƙe da kansa. Waɗanda suka bi gawarsa ba su cika sahu biyu ba, kuma har da ku ƴaƴana a masu tsayawa baya-baya. Ban yi muku faɗa ba, abin da aka ba ku kuka riƙe. Amma kai Illa, akwai saƙonka. Tun da ya raɗa maka suna a tudun nan ban sake jin ya furta shi ba, "yaron nan" yake cewa, ko "na wurin Hajo". Ranar da zai tafi ya buɗe ido ya dubi ƙofa ya ce, "Illa." Sau ɗaya, a fili. Ka dai ji lokacin da ake kiran sunan ɗan fari a gidanmu.

Zanen yana cikin akwatin Kulu, ƙarƙashin kayan sallarta, jan ruwan bai gama fita daga jikinsa ba. Ban ce ka yarda da ni ba, an san ni da ƙarin gishiri tun kafin a haife ka. Ka zo da kanka. Zan ɗaura maka shi a ƙirji yadda ubanka ya ɗaura, in ba ka igiya ka riƙe da hannu biyu, sannan ka nuna min yadda za ka kai ga wurin yankan.